Kawuna yana so in rufa masa asiri a takardar inshora

Wasiƙar wannan makon daga wani matashi ta fito, wanda ya nemi a sakaya sunansa. Ga abin da ya rubuta a taƙaice:

"Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina aiki a wani kamfanin inshora, a sashen da ke tantance haɗarin gine-gine da kayayyaki kafin kamfani ya yarda ya ɗauki nauyinsu. Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, shi ya biya mini kuɗin makaranta har na gama. Yana da sito inda yake ajiye katifun soso, a wani ɓangare na ginin kuma akwai fenti da tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi. Banki ya ce ba zai ba shi rance ba sai ya kawo takardar inshorar siton. Shekara uku da suka wuce wuta ta taɓa tashi a wurin daga wayar lantarki, aka kashe ta kafin ta yi nisa. Yanzu kawu yana so in karɓi takardunsa da kaina, a rubuta cewa ba a taɓa yin gobara ba, a rubuta kayan a matsayin kayan gida kawai, a rage darajarsu don kuɗin inshorar ya yi sauƙi, kuma kada a turo mai duba gini. Adadin bai wuce abin da nake da ikon sa wa hannu ba. Mahaifiyata ta ce in tuna alherin da ya yi mini. Na kasa barci, har na fara tunanin ajiye aikin. Me zan yi?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Na karanta wasiƙarka a tsanake, kuma tun kafin in shiga bayani zan faɗa maka matsayina: kada ka sa hannu a kan wannan takarda, kuma kada ka ajiye aikinka. Rashin barcin da kake fama da shi ya nuna zuciyarka ta riga ta san amsar, abin da ya rage maka shi ne hujjar da za ka tsaya a kanta a gaban mutanen da kake jin nauyinsu. Hujjar kuwa mai ƙarfi ce, domin abin da kawunka ya roƙa, in har ka yi masa, shi ne mutum na farko da zai cutu da shi. Kana ganin kamar an sa ka zaɓi ɗaya tsakanin amanar kamfani da alherin kawu, alhali a wannan karon abu ɗaya duka biyun suke nema daga gare ka.

Bari mu fara da aikin da aka ɗauke ka ka yi. Kuɗin da kamfanin inshora yake biyan diyya da shi, mafi yawansa gudummawar dubban mutane ce da suka biya kaɗan-kaɗan domin duk wanda tsautsayi ya faɗa wa a cikinsu a ɗauke masa asara. Jami'in tantance haɗari shi ne mai tsaron ƙofar wannan asusu: shi yake duba wanda zai shigo, ya auna nauyin haɗarin da ya zo da shi, ya yanke ko a karɓe shi, a kan nawa, kuma bisa waɗanne sharuɗɗa. Idan ya bar mai babban haɗari ya shigo a farashin mai ƙaramin haɗari, sauran jama'ar da suka faɗi gaskiya a takardunsu ne za su cike giɓin ta hanyar ƙarin kuɗi a shekaru masu zuwa, ba tare da an shawarce su ba. Wannan bambancewa ita ce tushen sana'ar tun farkonta. Bayan gobarar Landan ta 1666, wadda ta tashi daga gidan burodi ta cinye gidaje kusan 13,200, Nicholas Barbon ya buɗe ofishin inshorar gobara a farkon shekarun 1680, inda mai gidan katako yake biyan ninkin abin da mai gidan jan bulo yake biya. Har yau tambayoyin da kake yi a kan kowane gini ba su wuce huɗu ba: da me aka gina shi, me ake yi ko ake ajiyewa a cikinsa, me aka tanada don kashe wuta, kuma me yake maƙwabtaka da shi. Kawunka yana so a amsa ta biyu da abin da ba gaskiya ba, sannan a hana kowa zuwa ya duba sauran ukun.

Maganar soson ita ce ta fi damuna, kuma ina so ka riƙe ta da kyau domin za ka buƙaci ka bayyana ta a gida. Soson katifa yana cikin kayan da masu inshora suke sanyawa a sahun gaba wajen haɗarin gobara. Yana kamawa nan da nan, yana narkewa ya riƙa ɗiga yana ci da wuta, zafinsa mai tsanani ne, hayaƙinsa kuma baƙi ne mai kauri da guba, wanda kan kayar da mutum kafin harshen wuta ya iso inda yake. A watan Mayun 1979 gobara ta tashi a sashen kujeru na wani babban kanti a birnin Manchester na Ingila, mutum 10 suka rasu, kuma hayaƙin soson kujerun ne ya yi mafi yawan ɓarnar; wannan na cikin abin da ya kai ga dokar 1988 da ta tsaurara ƙa'idar soson da ake sa wa kayan ɗaki a Birtaniya. To, ka dubi siton kawu da idon sana'arka: katifu jere a kan juna, kowace a cikin ledarta, ga gwangwanayen fenti da tina a ƙarƙashin rufi ɗaya, tururin tina kuwa tartsatsi ɗaya ya ishe shi, ga wayar lantarkin da ta riga ta nuna halinta sau ɗaya. A wannan ginin akwai mai gadi da yake kwana, akwai lebura da suke loda kaya da sauke shi. Mai duba ginin da kawu ba ya so a turo, wataƙila shi kaɗai ne mutumin da zai shiga wurin ya ce a raba wannan da wancan kafin a yi asarar rai. Wannan ya wuce batun kuɗin inshora.

Yanzu mu zo kan abin da zai faru da takardar kanta ranar da aka buƙace ta. An gina yarjejeniyar inshora a kan cewa mai neman ta zai bayyana duk abin da ya sani wanda zai iya sauya hukuncin mai tantancewa, ko ya ƙi karɓa, ko ya ƙara farashi, ko ya gindaya sharaɗi. Tun a 1766, a shari'ar Carter da Boehm, alƙalin Ingila Lord Mansfield ya kafa dalilin haka: bayanan da ake auna haɗari da su galibi mai dukiya ne kaɗai ya san su, shi kuwa mai inshora ya dogara ne da maganarsa. Dokokin ƙasashe sun bambanta a kan hukuncin wanda ya yi kuskure ba da gangan ba, wasu ma sun sassauta masa. Dokar inshora ta Birtaniya ta 2015, alal misali, ta ce wanda ya yi kuskure ba da niyya ba ana iya rage masa diyya gwargwadon abin da ya kamata ya biya tun farko. Amma ita wannan dokar da ta sassauta ta ce wanda ya ɓoye da gangan, kamfani na da ikon soke yarjejeniyar daga tushe, ya ƙi biyan ko sisi, kuma ya riƙe kuɗin da aka riga aka biya shi. Rubuta "babu" a gaban tambayar gobarar baya, da kiran katifun soso kayan gida, ba abu ne da za a ce mantuwa ce ba.

Kawu zai ce wa zai sani. Amsar ita ce mai ƙiyasta asara, kuma aikinsa ke nan. Idan gobara ta auku, kafin a biya diyya mai nauyi sai an turo shi, wani lokacin tare da masanin binciken musabbabin wuta. Zai taka cikin toka da takalmansa, ya ga narkakken soso manne da siminti da gwangwanayen fenti da suka fashe. Zai nemi rasit ɗin sayen kaya da littafin shige da fice na sito, zai karanta rahoton 'yan kwana-kwana, zai zauna da mai gadi da maƙwabta, kuma a cikinsu ba za a rasa wanda zai ce ai ba yau aka fara ba, shekarun baya ma ta taɓa tashi daga wajen mita. Takardun da kawu ya kai banki don neman rance, waɗanda a cikinsu ya bayyana ainihin kayansa da cikakkiyar darajarsu domin a ba shi kuɗi mai yawa, su ma za a ajiye su kusa da fom ɗin inshorar da ya ce kayan gida ne masu ƙaramar daraja. Ramin ƙarya ƙurarre ne, na inshora kuwa ya fi kowanne ƙurewa, domin ana tono shi ne a daidai ranar da mutum ba shi da sauran abin dogaro.

Ka yi tunanin halin da kawu zai shiga a wannan rana. Kaya sun ƙone, kamfani ya ƙi biya bisa hujjar da kotu za ta karɓa, bashin banki kuma yana nan daram, domin bankin ya nemi inshorar ne don ya tabbatar da cewa jinginarsa ba za ta salwanta ba, kuma idan ta salwanta kan mai bashi zai koma. Mai yiwuwa ma bankin ya ɗauki takardar da aka kai masa a matsayin yaudarar da aka yi don karɓar rance. Mutumin da bai yi inshora ba sam ya fi wannan kwanciyar hankali, don shi aƙalla ya san ba shi da kariya, yana taka-tsantsan gwargwadon haka.

Batun rage daraja kuwa, ko da an faɗi gaskiya a duk sauran tambayoyin, shi kaɗai ya isa ya jawo nadama, kuma mutane da yawa ba su san haka ba sai ranar karɓar diyya. Yawancin yarjejeniyoyin inshorar dukiya suna ɗauke da sharaɗin da ya ce idan adadin da aka yi wa inshora bai kai ainihin darajar dukiyar ba, za a biya diyya ne gwargwadon kason da aka rufe. A ce kayan sito sun kai miliyan 100, aka rubuta miliyan 60, sai wuta ta ci na miliyan 30. Mai kaya zai zaci za a ba shi 30 ɗinsa cif tunda bai kai 60 ba, amma abin da zai samu shi ne kashi 60 cikin 100 na asarar, wato miliyan 18, sauran 12 kuma shi zai ɗauka, domin a idon yarjejeniya shi ne ya zaɓi ya zama mai inshorar kansa a kan kashi 40. Ka zana masa wannan lissafi a takarda da hannunka. Ɗan kasuwa yakan fahimci lamba fiye da nasiha.

Akwai wata dabara da nake zaton ta taɓa zo maka a rai, ko kuma wani zai kawo ta: tunda kai ma'aikacin kamfani ne kuma ka san gaskiyar lamarin, ai kamar kamfanin ne ya sani, don haka ba zai iya cewa an ɓoye masa ba. Gaskiya ne a ƙa'ida ana ɗaukar abin da jami'in tantancewa ya sani a matsayin sanin kamfani. Amma wannan ƙa'ida ba ta aiki idan jami'in yana cikin waɗanda suka haɗa baki don a yaudari kamfanin, kuma dokar inshora ta Birtaniya ta 2015 da na ambata ta fito da wannan togaciya ƙarara. Sa hannunka ba zai ƙarfafa takardar kawu ba. Abin da zai yi shi ne ya mayar da lamarin daga ɓoye bayani na mutum ɗaya zuwa haɗin baki na mutum biyu, ɗayansu ɗan 'yar'uwarsa.

Ka ce adadin bai wuce ikon sa hannunka ba, kuma na fahimci cewa wannan ne ya sa abin ya zama jarrabawa, tunda ba wanda zai tsaya a kanka a lokacin. Sai dai ikon da aka ba ka aro ne, kuma an ba ka shi ne bisa sharaɗin za ka yi aiki da shi kamar yadda kamfani zai yi da kansa. A kasuwar inshora ta Lloyd's da ke Landan, wadda ta faro daga shagon shan gahawa na Edward Lloyd a ƙarshen shekarun 1680, masu ɗaukar haɗari sun shafe ƙarnoni suna lamunce abin da aka sa wa hannu da sunansu da dukiyarsu ta kansu, ba iyaka, kuma sai a 1994 aka fara shigar da jarin kamfanoni. Yau kai ba gidanka ka jingina ba, amma nauyin sa hannun bai ragu ba, ya koma kan wasu ne kawai. Kamfaninku ma ba shi kaɗai yake ɗauke da abin da ka rubuta ba, domin yana miƙa wani kaso na haɗarinsa ga manyan kamfanonin da ke yi wa kamfanonin inshora inshora, tsarin da ya bunƙasa bayan manyan gobara irin ta birnin Hamburg na Jamus a 1842 da ta garin Glarus na Switzerland a 1861, wadda bayanta aka kafa kamfanin Swiss Re a 1863. Waɗannan kamfanoni suna karɓar kasonsu ne bisa rabe-raben da irinku kuka rubuta, suna kuma da haƙƙin duba fayiloli. Ga masu binciken cikin gida da sukan zaɓi fayil su bi shi layi-layi. Fayil ɗin sito da aka karɓa ba tare da rahoton mai duba gini ba yana cikin waɗanda ido yake fara sauka a kansu, kuma sana'ar inshora ƙaramar duniya ce: wanda aka sallama saboda irin wannan, labarin yakan riga shi isa kamfani na gaba.

Ko da a ce duk abin da kawu zai rubuta gaskiya ne tsantsa, bai dace kai ka riƙe fayil ɗinsa ba. Mutum ba ya yanke farashi ga wanda ya rene shi ya ce zuciyarsa ba ta karkata ba, kuma ko bai karkata ba, ba wanda zai yarda. Don haka matakin farko mai sauƙi ne. Ka rubuta wa shugaban sashenku gajeriyar takarda cewa wani ɗan'uwanka na jini yana shirin neman inshora a kamfanin, kana roƙon a ba wani jami'i aikin, kuma ba za ka shiga cikinsa ba ta kowace fuska. Ka ajiye kwafinta. A wannan mataki ba sai ka kai ƙarar kawu ba, domin har yanzu bai miƙa wa kowa takardar ƙarya ba. Magana ce ta cikin gida da ya yi da ɗansa, kuma ana iya janye ta. Amma ka sani, kuma ka sanar da shi tun da wuri, cewa idan ya kawo fom mai ɗauke da abin da ka san ba gaskiya ba ne zuwa kamfanin da kake wa aiki, ba za ka iya yin shiru ba. Gara ya ji wannan daga bakinka yanzu, cikin ladabi, da ya tsinci kansa a ciki daga baya.

Sai kuma abin da ya fi muhimmanci a wurina, wato taimakon da za ka iya yi masa wanda babu wani a danginku da zai iya. Kana da ilimin da 'yan kasuwa suke biyan kuɗi a ba su. Ka je siton ranar da ba ka aiki, a matsayin ɗa, ka zagaya da shi, ka nuna masa abin da duk mai duba gini zai gani. A fitar da fenti da tina zuwa wani ɗaki daban mai iska, wanda bango mai jure wuta ya raba shi da katifu, in da hali ma a wani gini dabam. A kira ƙwararren mai gyaran lantarki mai lasisi ya bi wayoyin gaba ɗaya, ya sauya abin da ya lalace, ya ba da rahoto a rubuce mai kwanan wata. A rage tsayin jerin katifu, a bar hanya a tsakaninsu, a nisanta su daga ƙwan fitila da akwatin lantarki. Janareta da mansa su koma waje. A hana shan taba, kuma duk ranar da za a yi walda a kwashe kaya daga wurin, a bar mutum yana sa ido aƙalla awa ɗaya bayan an gama, don irin wannan wutar takan ɓuya ta tashi bayan kowa ya tafi. A sa na'urar jin hayaƙi da tukwanen kashe gobara, a koya wa mai gadi da lebura amfani da su. Littafin kaya kuma a riƙa ajiye kwafinsa a wajen ginin. Mafi yawan waɗannan ba su da tsada idan aka kwatanta da kayan da suke karewa.

Gyara irin wannan yana da tasiri a farashi, kuma tarihin sana'arku ya shaida haka. A 1835 wani mai masaƙa a jihar Rhode Island ta Amurka, Zachariah Allen, ya kashe kuɗi ya inganta masana'antarsa don kare ta daga gobara, ya nemi a rage masa kuɗin inshora aka ƙi, sai ya haɗa kai da wasu masu masana'antu suka kafa kamfanin inshora na taimakon juna wanda ba ya karɓar kowa sai mai kula da gininsa. Daga wannan ne rukunin Factory Mutual ya samo asali, kuma ra'ayin cewa wanda ya rage haɗari ya cancanci sauƙi ya zama ruwan dare a sana'ar. Gobarar da ta faru shekara uku da suka wuce, idan aka bayyana ta tare da bayanin musabbabinta da rahoton gyaran da aka yi, ba kasafai take sa a ƙi mutum ba. Kai kanka ka sani, jami'in tantancewa ya fi natsuwa da wanda ya ce wuta ta taɓa kama mini, ga abin da na yi a kai, fiye da wanda fom ɗinsa ya fito fes ba tabo amma ya ƙi a zo a duba.

Akwai kuma halastattun hanyoyin rage kuɗin. Kawu zai iya amincewa ya ɗauki kaso mafi girma na farkon kowace asara da kansa, wanda hakan kan sauko da farashi. Idan yawan kayansa yana hawa da sauka a cikin shekara, akwai tsarin da ake bayyana darajar kaya lokaci-lokaci a biya gwargwadon abin da yake ajiye a zahiri. Zai iya tambaya ko ana karɓar biya kashi-kashi. Mafi kyau shi ne ya sami dillalin inshora mai rajista ya nemo masa farashi daga kamfanoni da dama, kuma a ganina ya fi muku sauƙi ku duka idan ya ƙare a wani kamfani da ba naku ba. Idan yana da damuwa ta addini game da inshorar da aka saba, akwai takaful, wato inshorar taimakon juna bisa tsarin Musulunci, wanda aka fara a Sudan a 1979 ya kuma yaɗu zuwa ƙasashe da yawa, sai dai ya sani can ma waɗannan tambayoyin za a yi masa, kuma gaskiyar nan za a nema, tunda asusun na mahalarta ne. Iyakarka a duk wannan ita ce kada ka cike masa fom da hannunka, kada kuma ka fitar masa da jadawalin farashi ko wani sirrin kamfaninku.

Game da yadda za ka faɗa, ina ba ka shawara ka fara da mahaifiyarka, ku biyu kaɗai. Ita ba sharuɗɗan inshora ne a gabanta ba, tsoronta kada a ce ɗanta ya yi wa yayanta butulci. Ka nuna mata cewa takardar da ake so ka yi ba za ta biya kawu komai ba ranar gobara, za ta bar shi da bashi, kai kuma ta raba ka da aikin da shi kansa ya sha wahala ya kai ka gare shi. Uwa idan ta gane cewa ɗanta da ɗan'uwanta ne duka za su faɗa rami, ita da kanta za ta sauya magana. Sannan ka je wurin kawu har gida, kada ka yi ta waya, kada kuma a gaban yaransa na kasuwa. Ka fara da ambaton abin da ya yi maka, da sunansa ɗaya bayan ɗaya, don ya san ba ka manta ba. Sai ka ce masa wani abu mai kama da haka: "Kawu, Allah ya ƙara girma. Karatun da ka biya mini shi ne ya nuna mini cewa takardar nan, in aka yi ta yadda aka ce, ranar da ka neme ta ba za ta amfane ka ba. Ka ba ni dama in taimaka a yi wadda za ta tsaya maka." Idan kana ganin ba zai saurare ka kai kaɗai ba, ka nemi wani babba da yake jin maganarsa ya raka ka, amma ka zaɓi mai riƙe sirri.

Idan bayan an yi komai bisa gaskiya kuɗin ya yi masa nauyi, kuma albashinka zai iya ɗauka, ka ce za ka biya wani kaso na shekarar farko, ko ka ɗauki nauyin gyaran lantarkin. Wannan kuɗinka ne, kana da ikon bayar da shi, kuma sakayya ce da za ka yi a fili ba tare da fargaba ba.

Mai yiwuwa duk da haka ya yi fushi, ya ce boko ya sa ka manta da mutane, ya ɗauke maka wuta na wani lokaci. Zai yi maka ciwo, kuma ba zan ce maka ba zai yi ba. Kada ka rama, kada ka kai maganar wurin dangi kana neman a ba ka gaskiya, kuma kada ka yanke zuwa gaishe shi kamar yadda ka saba. Idan ya tafi wani kamfani ya rubuta abin da ya ga dama, ka riga ka faɗa masa abin da zai biyo baya, sai dai ka ci gaba da matsa masa a kan raba fenti da katifu da gyaran wayoyi, domin wannan ya shafi rayukan mutanen da suke aiki a wurin, da inshora ko babu.

Ajiye aiki kuwa ba zai warware komai ba. Siton zai ci gaba da zama yadda yake, bankin zai ci gaba da neman takardarsa, kai kuma za ka rasa abin da kake taimakon mahaifiyarka da shi. Irin wannan matsin lamba zai sake zuwa maka a tsawon aikinka, daga dillalin da yake kawo wa kamfani ciniki mai yawa, daga abokin da kuka yi makaranta, wani lokacin ma daga shugaban da yake son a cika adadin cinikin shekara. Abin da za ka yi a kowane karo shi ne wanda za ka yi yanzu: ka bayyana alaƙarka a rubuce, ka nemi a duba ginin, ka rubuta dalilin hukuncinka a cikin fayil. Ka rubuta takardar shugaban sashenku a ranar aiki ta farko mai zuwa, kafin kawu ya aiko da fom ɗinsa, sannan ka sami mahaifiyarka da yamma.